Carbin Maƙwabciyarmu a Gadarif: Abin da Muke Jingina wa 'Yan Katolika da Abin da Su Suke Faɗa

Da birnin Madani ya faɗi a yaƙin Sudan, a watan Disamba na 2023, muka sake ɗaure kaya karo na biyu, muka nufi Gadarif. Aji ɗaya na wata makarantar firamare aka haɗa mu a ciki da wasu iyalai uku, zannuwa ne kawai muka rataya suka zama bango. A kusurwar da ke jikin taga akwai wata mata 'yar Duwatsun Nuba da 'ya'yanta biyu, ita ma daga Khartoum ta gudo, daga unguwar Haj Yusuf. Duka kayanta ƙulli biyu ne, amma a ciki akwai ɗan mutum-mutumi na roba, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba: mace cikin farar riga da shuɗin mayafi. Ta ɗora shi a bakin taga. Kullum da magariba, muna shimfiɗa darduma, ita kuma tana durƙusawa gabansa da carbi a hannu.

Kwana uku Goggo tana haɗiye maganar. A na huɗu ta ja ni bayan aji ta ce, "Kai ɗan nan, kai ne ka yi koyarwa a makarantar kanisa. Faɗa min tsakaninka da Allah, da gunki muke kwana a ɗaki?"

Shekara shida na koyar da Larabci a wata makarantar 'yan Katolika a Khartoum, na shiga da sallata na fito da ita. A can na gane cewa yawancin abin da muke faɗa a kansu a majalisar shayi, da za a karanta wa Bakatolike, rantsuwa zai yi cewa ba addininsa ake siffantawa ba. Saɓanin da ke tsakaninmu da su yana nan, babba ne kuwa, sai dai ba a inda muke yawan nuna yatsa yake ba.

Bari in fara da tambayar Goggo, don ita ce uwar sauran. Addu'ar da matar nan take maimaitawa a carbinta da Larabci take yin ta, kuma duk mai kunne a ajin yana ji. Farkonta sallama ce ga Maryam, an ɗauko ta daga gaisuwar Mala'ika Jibrilu kamar yadda ta zo a Linjilar Luka. Ƙarshenta kuwa roƙo ne: ki yi mana addu'a, mu masu zunubi, yanzu da kuma sa'ar mutuwarmu. A nan maganar take. Ba a ce wa Allah "yi mana addu'a", domin wa zai roƙa? Wanda ake cewa ya yi addu'a, an riga an yarda akwai wani a samansa. Koyarwar cocin ta raba abin gida uku tun da daɗewa: akwai bauta, wadda ta Allah ce shi kaɗai, akwai girmamawa, wadda ake yi wa bayin Allah tsarkaka, sannan akwai girmamawa ta musamman ga Maryamu, wadda ta ɗara ta sauran amma ba ta tsallaka zuwa bauta ba. Littafin koyarwarsu da aka fitar a 1992 ya faɗi wannan baƙi da fari. Wanda ya bauta wa Maryamu, a hukuncin cocin kansa, ya yi bautar halitta.

Mu kuma sau da yawa muna ɗauka cewa ukun nan da Kiristoci suke faɗa su ne Allah da Isa da Maryamu. Ukunsu Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Maryamu ba ta ciki, ba ta taɓa shiga ba a aƙidar wannan coci. Tarihi dai ya adana labarin wata ƙungiya a yankin Larabawa da mata suke miƙa wa Maryamu gurasa a matsayin hadaya. Wani bishop mai suna Abifaniyus ya rubuta labarinsu a ƙarni na 4, kuma ya rubuta ne don ya la'anci aikin nasu.

To laƙabin "Uwar Allah" fa, wanda yake sa tsikar jikin Musulmi tashi? Ni ma har yau idan na ji shi sai na yi ta'awwuzi a zuci. Amma a san daga ina ya fito. Taron malaman Kirista na Afisa a shekara ta 431 ne ya tabbatar da shi, kuma gardamar da aka yi a wurin a kan Isa take. Suna so su ce wanda Maryamu ta haifa shi ne wanda suka yi imani Allah ne tun daga cikin mahaifa, ba daga baya allantaka ta sauko masa ba. Ba su nufin ta riga Allah samuwa. Ka ga ashe idan za ka yi musu da Bakatolike, kan Annabi Isa (AS) za ku tsaya: shi ya ce Allah ne da ya zama mutum, aka gicciye shi, ya tashi, mu mun ce bawan Allah ne kuma manzonsa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Wannan ramin babu gadar da za ta rufe shi, kuma kowane ɓangare ya san da haka. Ko kalmar "ɗa" ma, ba haihuwa irin ta jiki suke nufi ba. Idan ka jefe su da cewa sun ba Allah mata, sai su dube ka kamar yadda kake duban wanda ya ce Musulmi dutse suke bauta wa a Makka.

Wani abu da ya ba ni mamaki: akwai aƙidar da Fafaroma Piyus na 9 ya ayyana a 1854, wadda ko wasu 'yan Katolikan suna zaton haihuwar Isa ba tare da uba ba take nufi. Maganar Maryamu ce ita kanta, cewa tun daga ɗaukar cikinta an kare ta daga zunubin asali. Mu ba mu yarda da zunubin gado ba tun farko, amma wanda ya karanta Bukhari zai tuna hadisin da ya ce babu jaririn da ake haifa face Shaiɗan ya taɓa shi, ban da Maryam da ɗanta.

Mutum-mutumin bakin taga kuwa, Kiristoci sun zub da jini a kansa kafin su tsaya a matsaya. Kusan shekara sittin daular Rum ta Gabas tana rikicin farfasa hotuna, har taron Nikiya na biyu a 787 ya yanke cewa girmamawar da aka yi wa hoto tana wucewa ne zuwa ga mai hoton, kuma bauta ba ta halatta gare shi. Idan robar nan ta faɗo ta fashe, matar za ta ji zafi kamar wanda hoton mahaifiyarsa ya yage, ba za ta ce ubangijinta ya mutu ba. Shari'armu ta hana sassaƙa surar mai rai don ta toshe ƙofar tun daga nesa, kuma ni ina ganin hikimar hakan, domin tsakanin abin da littafi ya rubuta da abin da ke zuciyar tsohuwa a ƙauye akwai tafiya. Limamansu ma sun san wannan, suna wa'azi a kai. Amma gaskiya ɗaya ce: abin da ta ce tana yi da abin da muka ce tana yi ba ɗaya ba ne.

Mu mutanen Sudan ya kamata mu fi kowa saurin gane batun tsarkakansu. Wanda ya taɓa zuwa Hamad al-Nil a Omdurman ranar Juma'a da yamma, ko ya ga yadda ake cika ƙubbobin shehunai ana neman albarka, ya san gardamar tawassuli: ɗan ɗariƙa ya ce Allah nake roƙo, da alfarmar bawansa, ɗan Ansarus Sunna ya ce ka roƙi Allah kai tsaye, matacce ba ya ji. Kusan wannan gardamar ce tsakanin 'yan Katolika da 'yan Furotesta tun ƙarni na 16. Misali ne kawai na kawo, ban ce abu ɗaya ba ne. Bambancin da na lura da shi shi ne su suna da ofis na tantancewa: ana binciken rayuwar mutum shekara da shekaru bayan rasuwarsa, galibi kuma sai an tabbatar da abin da suka ɗauka karama ce har sau biyu kafin a sa shi a jerin tsarkaka.

Ɗaya daga cikinsu 'yar ƙasar nan ce. Josephine Bakhita an haife ta a Darfur wajajen 1869, masu farautar bayi suka sace ta tana yarinya, tsoro ya mantar da ita sunanta na yanka, su suka laƙaba mata Bakhita, wato mai sa'a. Aka sayar da ita hannu zuwa hannu a Al-Ubayyid da Khartoum, har ta faɗa hannun ƙaramin jakadan Italiya, ya tafi da ita ƙasarsu. A can ta sami 'yanci, ta zama sista, ta rasu a 1947, aka ayyana ta cikin tsarkaka a 2000. Hotonta ne na biyu a ƙullin maƙwabciyarmu, takarda ce da ta sha ninki har ta fara rabewa. Na biyunsu a tarihin Sudan shi ne Daniel Comboni, Ba'italiye, wanda ya rasu a Khartoum a 1881. Sunansa ne a kan makarantun Kamboni da 'ya'yan Musulmi da yawa suka yi karatu a ciki, babbar kwalejin tun 1929.

Sai Fafaroma. A majalisa za ka ji an ce a wurinsu ma'asumi ne, duk abin da ya faɗa wahayi ne. Shi kansa yana durƙusawa gaban wani limami ya furta zunubansa kamar kowane mabiyi. Abin da taron Batikan na farko ya tabbatar a 1870 ƙunci gare shi ƙwarai: idan ya yi magana a matsayinsa na shugaban cocin duniya, a kan aƙida ko ɗabi'a, da niyyar ɗaure dukan mabiya, to sun yi imani Allah zai kare shi daga kuskure a wannan hukuncin kaɗai. Daga 1870 zuwa yau sau ɗaya aka yi amfani da wannan iko ta wannan siga, a 1950, da Piyus na 12 ya ayyana cewa an ɗauke Maryamu zuwa sama jiki da rai. Huɗubarsa ta Lahadi, hirarsa da 'yan jarida a jirgin sama, ra'ayinsa kan siyasa, duk ana iya musunsu, kuma mabiyansa suna musun. Jawabin da Benedict na 16 ya yi a Jamus a 2006, wanda ya ɓata wa Musulmi rai, lacca ce ta jami'a, ba ta ɗaure kowa ba. Hukuncin da cocin ya yi wa masanin taurari Galileo a 1633, John Paul na 2 ya amsa a 1992 cewa an yi kuskure. Akwai ma fafaroman da wani babban taro ya la'anta bayan mutuwarsa, Honoriyus, a ƙarni na 7.

Kada kuma a ɗauka shi ne sarkin duk wani Kirista. Da Larabci kalma ɗaya muke faɗa, "Baba", shi ya sa muke cakuɗa su. Ƙibɗawan da muka tashi muna gani a Masalma ta Omdurman da Atbara, masu shagunan zinariya da kantin magani, nasu Baban yana Masar, Tawadros na 2, kuma rabuwarsu da Roma ta samo asali tun taron 451. Limamin nan da ake kira Abuna, da ka gani da baƙin rawani da dogon gemu, yana da mata da 'ya'ya, Baƙibɗe ne. Kirsimetinsu ma 7 ga Janairu ce, ta 'yan Katolika 25 ga Disamba. 'Yan Anglika da sauran Furotesta su ma ba sa ƙarƙashin Roma. Hatta littafin hannunsu ya ɗan bambanta: na Katolika littattafai 73 ne a ciki, na Furotesta 66.

Rashin auren limamai ma mun ɗauka rukuni ne na addininsu. Doka ce ta tsari a cocin Yamma, wadda aka ƙarfafa ta a taron 1139, kuma fafaroma na iya sassauta ta. Akwai cocin Gabas guda 23 da suke bin Roma, irin su Maruniyawan Lebanon, kuma a yawancinsu mai aure yana zama limami. Bitrus, wanda suke ɗauka fafaroma na farko, Linjila ta ambaci surukarsa. Ba zan rufe ido ba a kan abin kunyar da ya fallasa a ƙasashe da dama na limaman da suka ci zarafin yara, da manyan da suka yi rufa-rufa. Wannan ya faru, cocin ya amsa, kuma mabiyansa ne suka fi kowa jin ciwon. Sai dai laifin mutum daban, koyarwar da ya saɓa wa daban. Mu da kullum muke roƙon duniya kada ta auna Musulunci da aikin 'yan ta'adda mun san wannan ma'auni.

Furta zunubi shi ne wurin da aka fi ƙara gishiri. Labarin da na taso ina ji shi ne mutum zai sheƙe ayarsa mako guda, ran Lahadi ya biya kuɗi a wanke shi tas. A ƙa'idarsu ba a karɓar ko sisi a wurin furta zunubi. Sharuɗɗan kuwa duk ɗalibin fiƙihu zai gane su: nadama ta gaskiya, niyyar ba za a koma ba, mayar da haƙƙin wanda aka zalunta. Wanda ya saci akuya sai ya mayar ko ya biya. Inda muka rabu shi ne su sun sa limami a tsakiya, yana furta gafarar da sunan Allah, mu kuwa tsakanin bawa da Ubangijinsa babu ɗan aike. Abin da limamin ya ji kuma ya mutu a cikinsa. Idan ya tona, ko ga alƙali, ko ga fafaroma, ya fita daga cocin nan take. Amma labarin kuɗin ba daga iska ya faɗo ba. A farkon ƙarni na 16 an yi cinikin takardun sassauta azaba a Turai don tara kuɗin gina cocin Bitrus da ke Roma, shi ne ya harzuƙa Martin Luther, jagoran farko na 'yan Furotesta, a 1517. A 1567 Fafaroma Piyus na 5 ya soke duk wata takardar da aka haɗa da biyan kuɗi. Labarin da muke bayarwa ya tsufa da shekara ɗari huɗu da hamsin.

Azuminsu ba na yini arba'in ba ci ba sha ba ne, kamar yadda wasu ke zato. Lokacin kwana arba'in ne na tuba kafin Ista. Kwana biyu ne a ciki tilas a rage abinci zuwa ci ɗaya cikakke, ranakun Juma'a a bar nama, ruwa kuwa ana sha. Ƙibɗawa sun fi su tsanani nesa ba kusa ba, kwana 55 babu nama babu madara. Ruwan inabin da ake ɗagawa a ibadarsu kurɓi ne, sau da yawa ma limamin kaɗai ke sha, kuma buguwa zunubi ce a koyarwarsu. Abin da ya fi giyar nauyi a wurin shi ne imaninsu cewa gurasar da ruwan inabin sun koma jikin Almasihu da jininsa a haƙiƙa. Wannan da gaske suke, ba sharri aka yi musu ba.

Akwai kuma tambayar da ba mu cika yi ba: su me suke cewa a kanmu? A 1965 taron Batikan na biyu ya fitar da takarda da ta ce cocin yana duban Musulmi da girmamawa, masu bauta wa Allah ɗaya, rayayye, mai jin ƙai, mahaliccin sama da ƙasa. Ta ambaci cewa muna girmama Isa a matsayin annabi da mahaifiyarsa budurwa, ta ambaci sallarmu da zakka da azumi, ta kuma nemi a bar gabar baya. John Paul na 2 ya sauka Khartoum ranar 10 ga Fabrairu 1993, ya yi ibada a babban filin taro na Sahatul Khadra. A 2001 ya shiga masallacin Banu Umayya a Dimashƙa. A 2019 Fafaroma Francis da Shehul Azhar Ahmad al-Tayyib suka sa hannu kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi. Wannan bai sa sun daina ganin nasu ne cikakkiyar gaskiya ba, bai kuma sa sun daina son kowa ya shigo ba, yadda mu ma muke so. Tarihin mishan a ƙasar nan yana da ƙaya, ya sarƙe da siyasar Ingila ta rufe Kudancin Sudan, da korar da gwamnatin Abbud ta yi wa 'yan mishan baƙi a 1964. Amma mai cewa addinin Turawa ne kawai ya leƙa cocin Al-Ubayyid ran Lahadi ya ƙirga farar fata nawa zai gani. Ibadar da Larabci ake yi, sunan da ake kira Allah ne, kuma Agustin, ɗaya daga manyan malamansu na tarihi, a ƙasar Aljeriya ta yau aka haife shi a 354.

Duk wannan ban zuba wa Goggo shi a tsaye a bayan aji ba. Na ce mata dai matar ta ce ba bauta take yi ba, addu'a take nema, kuma mu namu daban. Goggo ta taɓe baki ta ce, "To Allah ya shirye mu baki ɗaya," ta matsar da dardumarta yadda taga za ta koma bayanta.

Bayan kamar mako biyu ƙaramin yaron matar ya fizgi carbin, zaren ya tsinke, ƙwayoyin suka watse har ƙarƙashin bencinan da muka jingine. Uwar tana layin ruwa. Goggo ta sa jikokinta suka tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta warware zare daga bakin tsohon tobinta, ta zauna tana shiryawa. Ta jera talatin da uku ta ɗaure, ta ci gaba, sai ta ga saura ashirin da shida ne kawai. Ta sa yara suka sake birkice ajin. Ana cikin haka matar ta shigo da jarka a ka, ta ga abin da ake yi, ta sauke ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Hajiya, babu abin da ya ɓata. Namu hamsin da tara ne, goma-goma ake jerawa sau biyar."

Goggo ta ɗaga gilashinta ta dube ta, ta tsinke ƙullin da haƙori, ta miƙa mata bakin zaren. "To zauna ki nuna min, 'yar nan. Ina babbar take shiga?"